Ra'ayinmu: Ruwa Ba Ya Tsami Banza

A ƙasar Hausa taki dukiya ne. Tun kaka da kakanni manomi ke roƙon Bafulatani ya kafa mashekari a gonarsa bayan girbi, har ya haɗa masa da damin gero, don shanu su bar masa abin da zai raya ƙasa. A kewayen Kano, jakunan da suka shiga birni da itace da mangalar taki suke komawa ƙauye, kuma albarkacin haka ne gonakin da ake nomawa kowace shekara ba hutu suka ci gaba da ciyar da ɗimbin jama'a. Yau ma, tun da buhun takin zamani ya fi ƙarfin talaka, a buhu ake sayar da kashin kaji, wani lokacin ma sai da kamun ƙafa ake samu. Don haka mai karatu zai yi mamaki in ya ji cewa a Birtaniya, a watan Oktoban 2025, mutum kusan 4,000 ne suka haɗu suka shigar da ƙara a Babbar Kotu, kuma kashin kaji na kan gaba cikin abin da ya kai su.

Kogin da ake rigimar a kansa sunansa Wye. Daga tsaunukan Wales yake tasowa, ya yi tafiyar kilomita kusan 250, ya ratsa garin Hereford na Ingila, sannan ya zuba a mashigar kogin Severn. A da ya yi suna da ruwa garai-garai da kifin salmon, masu kamun kifi da 'yan yawon kwale-kwale na zuwa daga nesa, garuruwan bakinsa na cin abinci da su. A lokacin zafi na 2020 ruwan ya koma kore shar kamar miyar kuka. Gansakuka ta mamaye shi, ciyawar ƙarƙashin ruwa da ƙananan kifi ke fakewa a cikinta ta mutu a wurare da dama. A watan Mayun 2023 hukumar Natural England, wadda ke lura da wuraren da doka ta keɓe, ta rage darajar kogin, ta ce yana cikin mummunan hali kuma lalacewa yake ƙara yi.

Abin da ya canza a yankin shi ne yawan kaji. An ƙiyasta cewa a kowane lokaci akwai fiye da miliyan 20 a rumfunan da ke ƙasar da ruwanta ke gangarawa Wye, da yawansu kuma ana kiwonsu ne wa kamfanin Avara Foods, wanda ke da babbar mayanka a Hereford kuma katafaren kamfanin Cargill na Amurka ke da hannun jari a cikinsa. Abincin kajin, musamman waken suya, daga nesa ake shigo da shi, har daga Kudancin Amurka. Naman ya bi motoci zuwa kantunan ƙasar, kashin kuwa ya zauna a yankin, a watsa shi a gonakin kusa domin ɗaukarsa zuwa nesa asara ce. Masana daga Jami'ar Lancaster sun auna a 2022, suka gano cewa sinadarin fosfaras da ke taruwa a ƙasar yankin fiye da abin da amfanin gona ke sha ya kai tan 3,000 a shekara. Wannan fosfaras ɗin shi ne harafin P da manomi ke gani a jikin buhun NPK. Shuka na son sa, gansakuka ma haka. In ƙasa ta ƙoshi, ragowar sai ta bi ruwan sama zuwa rafi, gansakuka ta yi ta haihuwa, ta tare hasken rana, in ta mutu ta ruɓe ta shanye iskar da kifi ke shaƙa a cikin ruwa.

Akwai abin lura game da yadda aka kai ga haka. Babu ranar da wani ya zauna ya amince a zuba kaji miliyan 20 a bakin kogi ɗaya. Rumfa ɗaya-ɗaya aka riƙa ba wa izini, kowace in an dube ta ita kaɗai ba ta kai abin damuwa ba, kuma gonar da kajinta ba su haura 40,000 ba ba ta buƙatar lasisin muhalli na musamman. Kowane jami'i ya sa hannu a takardar da ke gabansa, ba wanda ya tara lissafin.

Dokar kuwa tana nan. Tun 2018 Ingila ke da ƙa'idojin da suka hana manomi watsa takin da ya wuce buƙatar ƙasarsa ko watsa shi inda zai gangara cikin ruwa, kuma Hukumar Kula da Muhalli na da layin waya da ake kira dare da rana. Sai dai hukumar, wadda aka yi shekaru ana zaftare mata kuɗin aiki, ta fi karkata ga ba da shawara, gurfanarwa kuwa sai jefi-jefi. Mazauna bakin kogin ne suka sayi ƙananan kayan gwaji, suka rarraba wa juna wurare, suna ɗibar ruwa a kai a kai suna rubuta abin da suka gani, har hujja ta taru yadda ba a iya kau da kai. Ƙungiyar River Action mai fafutukar kare koguna ta kai hukumar kotu, aka yanke hukunci a 2024. Ba ta yi nasara ba, domin alƙali ya ce hukumar ba ta karya doka ba, amma ya ce dole yadda ake watsa taki ya canza. A watan Maris na 2025 kuma wata alƙaliya ta ba ƙaramar hukumar Herefordshire gaskiya a kan ƙungiyar manoma ta ƙasa: ana iya ɗaukar kashin kaji a matsayin shara, kuma mai son gina sabuwar rumfa sai ya nuna inda zai kai shi.

Adalci ya sa a saurari ɗaya ɓangaren, kuma maganarsu na da nauyi. Avara, wadda masu ƙarar nan 4,000 suka kai kotu, ta musanta zargin, tana cewa kajinta a rumfa suke, masu noman hatsi ne ke sayen takin su watsa, kuma tun farkon 2024 ta ce ta hana sayar da takin gonakin da ke yi mata kiwo a cikin yankin. Kamfanin ruwa na Wales ma na cikin waɗanda ake ƙara, saboda ƙazantar bayan gida da ke shiga kogin, wato laifin bai tsaya ga kaji kaɗai ba. Shi kuma manomin da ya ci bashin banki ya gina rumfa, gwamnati ce ta ƙarfafa masa gwiwa ya faɗaɗa sana'a, kamfani ne ya yanka masa farashi, masu saye kuma kaza mai arha suke so. Wanda ya ci naman da araha yana da kaso a cikin koren ruwan, ko da bai taɓa ganin kogin ba. Kotu ba ta raba wannan gardama ba tukuna, mu ma ba za mu riga ta ba. Abin da muka sani shi ne shari'a irin wannan ba ta sauri: jihar Oklahoma ta Amurka ta kai Tyson Foods da wasu kamfanonin kaji ƙara a 2005 kan gurɓata kogin Illinois, sai a Janairun 2023 alƙali ya ba ta gaskiya. Shekara 17 da ɗoriya ruwa na gudu.

Labarin Wye na kifi ne da ciyawa da kasuwar yawon buɗe ido. Na Walkerton na gawa ne. Ƙaramin gari ne a lardin Ontario na Kanada, mutanensa ba su kai 5,000 ba. A watan Mayun 2000 aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya wanko kashin shanun da aka watsa a wata gona ya shiga ɗaya daga cikin rijiyoyin da ke ba garin ruwan famfo. Ƙwayar cutar E. coli mai tsanani ta bi bututu ta shiga gidaje. Mutum 7 suka mutu, kimanin 2,300 suka kwanta. Kwamitin binciken da Mai Shari'a Dennis O'Connor ya jagoranta bai ɗora wa manomin laifi ba, domin ya bi ƙa'idar watsa taki yadda aka tsara. Inda aka ci amana shi ne wajen faɗar gaskiya. Masu kula da ruwan garin sun daɗe ba sa zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta yadda ya kamata, suna rubuta alƙaluman ƙarya a littafi. Ɗakin gwaji ya gano ruwan ya gurɓace ya sanar da manaja, manaja ya yi gum, kuma a lokacin ba dokar da ta tilasta wa ɗakin gwaji mai zaman kansa ya sanar da gwamnati kai tsaye. Wata likitar yara a wani gari na kusa ce ta ga yara na zuwa mata da gudawa mai jini ta sanar da jami'an lafiya, wani ma'aikacin ruwan kuma ya kira layin ma'aikatar muhalli bai bayyana sunansa ba. Sai ranar 21 ga Mayu aka umarci jama'a su riƙa tafasa ruwa. Kwamitin ya ce da an faɗi gaskiya tun ranar da sakamakon gwajin ya fito, da ɗaruruwan mutane ba su kamu ba.

Duk wanda ya zauna gaban malam ya karanta Ishmawi ya san da abu uku ake gane ruwa ya canza: launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa. Wannan ma'auni ya isa shaida ta farko, kuma shi ne abin da talaka ke da shi a hannu. Amma bai isa ya wanke ruwa daga zargi ba. Ƙwayoyin cutar da ke cikin kashin dabba, irin su E. coli da salmonela, ba sa canza launin ruwa. Haka sinadarin naitiret da ke tsatsafowa daga tarin taki ya shiga rijiya, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 50 a lita ɗaya ta ruwan sha, domin yana hana jinin jariri ɗaukar iska yadda ya kamata. Waɗannan sai ɗakin gwaji, ɗakin gwaji kuwa sai hukuma. Mu ƙara da cewa kwalara ba ta cikin wannan lissafi. Daga bayan gidan ɗan Adam take zuwa, kada a ɗora wa kaza abin da ba nata ba.

Abin da ya haɗa mu da waɗannan labarai shi ne hanyar da muka ɗauko. Gidajen gonar kaji na ta ƙaruwa a gefen Kano da Kaduna da Zariya da Jos, kuma unguwanni na ta cim musu, har gonar da aka gina a daji ta wayi gari tana katanga ɗaya da gidan mutane. Inda ake kiwo a ƙasa kan buntun shinkafa ko garin katako, kashin kan bushe a kwashe a buhu, kasuwa ta raba mu da shi. Matsalar ta fi yawa a kiwon keji, inda kashin ke taruwa a jiƙe, mai saye ba ya so, mai gona kuma ya ga sauƙinsa ya kora shi da ruwa ya bi lambatu. Ga wuraren kiwon turke, ga kasuwannin kara, ga mayanka. Mutanen Kano ba sa buƙatar a yi musu bayanin Jakara, wadda ke kwasar jini da kayan cikin dabbobin mayanka ta haɗa da ƙazantar birni ta nufi madatsar Wasai, masu lambu na ban-ruwan latas da kabeji a kan hanya. A 2024 gwamnatin tarayya ta kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo, kuma manufarta a fili take: a killace dabbobi, a yi kiwon zamani. Muna goyon bayan haka, don rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka da yawa. Sai dai shanun da a da ke rarraba kashinsu a faɗin daji yanzu a fili ɗaya za su tara shi, kuma filin da ake zaɓa galibi kusa da ruwa yake.

To in mutum ya ga baƙin ruwa mai wari na fitowa daga bayan katangar gidan gona yana shiga rafin da ake sha, ya kai ƙara ko ya yi shiru? Mun san abin da ke riƙe bakin mutane. Mai gonar maƙwabci ne, wataƙila shi ya gina masallacin unguwa, shi ya haƙa rijiyar burtsatse, yaran unguwa goma a wajensa suke aiki. Wanda ya yi magana za a ce ɗan sa-ido ne, ko hassada ce ke cinsa, ko so yake ya toshe wa bawan Allah hanyar abinci. Wannan tsoro ba na banza ba ne. Akwai ƙarar da gaba ce ke haifar da ita, rikicin iyakar fili ko na siyasa a lulluɓe shi da rigar muhalli. Akwai kuma jami'in da ƙorafi a wajensa dama ce ta zuwa karɓar na goro, ya tafi ya bar ruwan yadda ya same shi, ya kuma raɗa wa mai gona sunan wanda ya kai shi. Masu kiwon kaji ma a matse suke. Tsadar masara da waken suya ta rufe gonaki da dama a 'yan shekarun nan, kuma ƙwai da nama abinci ne da ƙasar nan ke buƙata.

Duk da haka, ra'ayinmu shi ne a kai ƙara. Haƙƙin maƙwabtaka bai tsaya a kan mai katanga kusa da kai ba. Mutumin ƙauyen da ke gangare, wanda matarsa ke ɗibar ruwan ta dama wa yaro kunu, shi ma maƙwabci ne, sai dai ba ya nan lokacin da ake jin kunyar Alhaji. Wanda ya yi shiru don kara, da lafiyar wani ya yi karar. Addininmu ya hana ɓata mashayar jama'a, sashe na 20 na kundin tsarin mulkin Najeriya kuma ya ɗora wa gwamnati kare ruwa da iska da ƙasa. Gwamnati ba ta da ido a bayan kowace katanga. In jama'a ba su faɗa ba, ba za ta sani ba, ko ta samu hujjar cewa ba ta sani ba.

Amma ƙara na da ladabi. In abin wari ne da ƙudaje da ruwan da ke kwanciya a hanya, a fara da mai gonar, a je masa da mai unguwa ko limami, a ce Alhaji ga abin da ke faruwa, a ba shi lokaci. Sau da yawa mai gonar a birni yake, yaransa ne ke buɗe kwatami da daddare bai sani ba, kuma rami mai siminti da rumfar da za ta kare taki daga ruwan sama ba su kai kuɗin shari'a ba. In kuwa ruwan sha ne abin ya shiga, ko aka ga kifi na tasowa matattu, ko yara suka fara gudawa gida-gida, to babu jiran sulhu. A sanar da asibitin da ke kusa da duba-gari na ƙaramar hukuma a ranar, a gaya wa jama'a su tafasa ruwa, sulhu ya biyo baya. Mai kai ƙara ya ɗauki hoto daga hanya ko bakin rafi, ba tare da ya haura katangar kowa ba, ya nuna ruwan kafin ya iso wurin da bayan ya wuce, ya riƙe rana da lokaci, domin ruwan sama na gaba zai wanke shaidar. A rubuta takarda, mutane da yawa su sa hannu don kada a ware mutum ɗaya, a ajiye kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. In ƙaramar hukuma ta yi burus, akwai ma'aikatar muhalli ta jiha, akwai NESREA, hukumar tarayya da aka kafa a 2007 don tilasta bin dokokin muhalli, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a fara da ɗora sunan mutum da hoton gidansa a Facebook kafin kowa ya bincika. In zargin ya tashi ƙarya, ba mai iya maido masa da mutuncinsa.

Kaso mafi nauyi na hukuma ne, domin duka labaran biyu sun nuna doka a takarda ba ta tsare rafi. Kada kuma a ce za a nuna aiki a kan uwar gida mai kaji ashirin a bayan ɗaki ko dattijo mai bijimi biyu a turke. Takinsu gona ke shanyewa, kuma su ne suka fi sauƙin kamawa. Inda dabba ta taru dubbai nan ido ya kamata ya koma. Dokar duba illar manyan ayyuka ga muhalli tana nan tun 1992. Muna kira ga jihohi da sabuwar ma'aikatar kiwo su sa sharaɗi cewa duk mai neman izinin babban gidan gona ko wurin killace shanu ya rubuta yawan takin da zai tara, inda zai ajiye shi a watan Agusta, da wanda zai kwashe. A riƙa tara lissafin gonakin da ke bakin rafi ɗaya kafin a ƙara ba wa wani izini, abin da aka kasa yi a Wye. Mu ma muna da sa'ar da su ba su da ita: ƙasarmu yunwar taki take yi, don haka ɗan tallafin busar da kashin keji da kai shi ga masu noman rani zai rage rabin matsalar ba tare da an rufe gonar kowa ba.

Sai kuma abu mafi arha, wanda ba ya jiran kasafin kuɗi mai yawa. Kowace ma'aikatar muhalli ta jiha ta fitar da lambar waya guda da ake ɗauka, ta ɗaure kanta da zuwa wurin cikin kwana ɗaya ko biyu da kwalbar ɗibar ruwa, ta ɓoye sunan mai ƙorafi, ta kuma dawo ta gaya wa mai unguwa abin da gwajin ya nuna, ko ya wanke mai gonar ko ya kama shi. A sanar da lambar a gidajen rediyo da Hausa da Fulatanci kafin damina ta kankama.